Layuka Shida a Gilashin Baya

"Ƙara hurawa," in ji mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota. "Buɗe baki sosai, Sista. Ba busa nake so ba, huci nake so."

Sista tana durƙushe a kujerar bayan motarta, gwiwoyinta sun nutse cikin soso, hancinta kusan yana taɓa gilashi. Ta ja numfashi ta huce, gilashin ya yi fari kamar an shafa masa madara. Mace mai shekara arba'in da huɗu, wadda in ta ɗaga gira ɗaya a ɗakin haihuwa har likita sai ya gyara tsayuwa, yau ga ta tana huci a gilashi kamar yarinyar da aka hana fita wasa. Da ƙananan ma'aikatanta sun gan ta, da sun sami abin taunawa na wata guda.

Mai wayarin ya zura hannu ta taga ya danna maɓallin hitar gilashin baya. 'Yar fitilar maɓallin ta kama. Suka jira. Ruwan sama yana ta dukan kwanon garejin. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi, raɓar tana nan daram, ko layi ɗaya bai washe ba.

"To, kin gani," ya ce. "Fitila tana cewa ina aiki, gilashi yana cewa ƙarya take yi."

"Abin da nake gaya musu ke nan tun jiya. Ba wanda ya saurare ni."

Abin da ya faru jiya kuwa, duk layinsu an gani, wanda bai gani ba ma ya fi kowa iya ba da labarin. Da sassafe ne, ana ruwa, ga sanyi, ga ta ta makara. Ta shiga mota gilashin baya ya rufe ruf da raɓa. Ta danna maɓalli, ta jira, bai washe ba. Ta goge da gefen mayafi, kafin ta koma mazauninta ya sake rufewa. Sai ta ce bari ta lallaɓa a hankali, ai shekara uku ke nan tana fita ta wannan ƙofa. Ba ta ankara ba sai ji ta yi ƙum, ta daki ginshiƙin get, fitilar baya ta tarwatse a ƙasa.

Maigidanta ya fito da buroshi a baki, kumfa har haɓa. Maƙwabta sun leƙo, wasu ta taga wasu ta katanga. Surukarta, wadda kowa ke kira Mama, ta kwana a gidan ranar, ita ma ta fito tana dogara sanda. A gaban waɗannan mutane duka ya zare buroshin ya nuna ta da shi.

"Ke makauniya ce? Ginshiƙi guda, a tsaye tun kafin ki zo gidan nan, shi ne ba ki gani ba?"

Mama kuwa dama tun ranar da motar ta shigo gidan take mata kallon gefen ido. Nan take ta yanke hukunci: a ba Auta makulli, shi zai riƙa kai Sista aiki yana ɗauko ta, tun kafin wata rana ta take ɗan mutane. Auta shi ne ƙanin maigidan, ƙato mai shekara talatin, ba aiki sai gyaran gemu. Maigidan bai ko yi tari ba ya ce haka za a yi. An sa lokaci, yau ƙarfe biyar na yamma a gidan Mama, a miƙa makulli.

Motar nan ta Sista ce, guminta ne, sunanta ne a takarda. Shi maigidan makulli na biyu kawai yake riƙewa, wai saboda tsaro. Shi ya sa yau, ranar hutunta, tun yana banɗaki ta zari motar ta fito, ta ce wa yara su gaya masa ta tafi gyaran fitila. Fitilar ba ta dame ta ba. So take a ba ta abin da za ta dangwarar a gaban Mama ƙarfe biyar.

Mai wayarin mutum ne siriri mai furfura a gefen kai, ba ya sauri ko gobara ake yi. Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ya buɗe akwatin fiyus, ya zaro ɗaya da ɗan hantsaki ya ɗaga shi wajen haske.

"Fiyus lafiyarsa lau. Da shi ne, da kin sha shayi kin tafi."

Ya buɗe gaban motar, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan baƙin akwati kamar na ashana, ya ce ta kashe maɓallin ta sake kunnawa. Suka ji ƙas.

"Shi ma wannan rile, mai tura wutar, yana amsawa. Wuta tana tafiya baya ke nan. A can take ɓacewa."

Ya ɗauko testa, wata 'yar fitila mai tsini da waya, ya zagaya ya shiga baya. Ya ɓare robar da ke gefen gilashin, ya leƙa, sai ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya jawo wata waya mai ɗan kan ƙarfe tana lilo, ya taɓa ta da testa, fitilar ta kama.

"Ga ɓarauniyar. Wannan kan a jikin gilashi ya kamata ya zauna, shi ke ba layukan nan wuta. Ya ɓalle. Kina yawan ɗaukar kaya ne?"

"Wane irin kaya?"

"Akwati, buhu, katon, irin wanda ake cusawa har ya tokare gilashi. Wannan ba da kansa ya faɗi ba, bangaje shi aka yi. Dubi robar nan yadda ta goge."

"Malam, ni jakar hannu ce kayana. Sai kwanon abincin rana."

Masu gyara sun san inda ake yin shiru. Ya jona ƙarfen walda, ya goge wurin, ya ɗiga dalma ya manne kan wayar a hankali, yana riƙe da numfashi don kada zafi ya fasa gilashin. Da ya gama sai ya ce wannan karon ba zai wahalar da ƙirjinta ba. Ya ɗauko butar shayinsa tana tafasa, ya ajiye a bayan kujera, ya rufe ƙofofi. Kafin ka ce me, tururi ya rufe gilashin. Ya danna maɓalli.

Suka tsaya a waje ƙarƙashin rumfa suna kallo. Layin sama ya fara washewa, siriri kamar zare, sai na ƙasansa, sai na can ƙasa. Sista har ta fara murmushi. Amma tsakiya ta ƙi. Layuka shida a jere, daidai inda mai tuƙi yake dubawa, suna nan fari fat.

"A'a," in ji mai wayarin. "Ashe da saura."

Ya koma ciki da testa. Ya ɗora tsinin a farkon layi, fitila ta kama. Ya riƙa jan shi a hankali kan layin kamar mai bin sahun tururuwa, da ya iso tsakiya sai fitilar ta mutu. Ya yi wa wurin ɗigo da alli. Ya bi na biyu, nan ma a tsakiya. Da ya gama duka shidan, ɗigon allin sun jeru a wuri guda, faɗin tafin hannu.

"Zo ki gani da idonki, kada a ce ni na faɗa."

Ta sunkuya. Layukan jan ƙarfen an kankare su, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ga sawun reza nan birjik, wani kan wani. A cikin tururin kuma, inda sauran gam ya maƙale, ana ganin inuwar wani abu mai zagaye, har da alamar tauraro a tsakiya.

"Sitika ce," ya ce. "Ana liƙa ta daga ciki, ana kankare ta da reza. Wanda ya yi bai san layukan nan fenti ba ne kawai, ko farce mai kaifi yana yanke su."

"Sitikar me?"

Ya sosa ƙeya. "Ni dai mai tauraro guda ɗaya na sani. Ta 'yan tasin bakin babbar kasuwa. Kullum da safe ake sayen sabuwa, kowace rana da kalarta. Amma su a gilashin gaba suke liƙawa, daga waje, kowa ya gani. Wanda ya kawo ta baya ya sa daga ciki, ya kuma cire kafin dare, to akwai wanda ba ya so ya gani."

Sista ta miƙe tsaye a hankali. Abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Tana ajiye motar a bayan ɗakin wanki na asibiti ƙarfe bakwai na safe, ba ta sake ganinta sai shida na yamma. Sau nawa ta tarar da kujera ta ja baya, ta ce ko ita ce ta manta? Sau nawa ta ji ƙamshin turaren da ba nata ba? Ranar nan har ɓawon gyaɗa ta tsinta a ƙarƙashin tabarmar ƙafa, ta zagi yaranta a banza. Ga mai gadin asibiti da yake mata wani murmushi kwanan nan, ita kuwa tana zaton sabon gilashin idonta ne ya yi mata kyau.

"Auta," ta ce. Ta yi ƙwafa. "Wato ya saci makullin yayansa yana tasi da motata, ya lalata min gilashi, na yi karo, sannan a ɗauki motar a ba shi lada."

"Ni ban ambaci sunan kowa ba, Sista."

"Ba ka ambata ba. Layukan nan suna gyaruwa?"

"Suna gyaruwa. Akwai wani fenti mai ɗaukar wuta, a sa salatif sama da ƙasa a ja shi da ɗan buroshi. Sai dai yana son kwana guda ya bushe, ba a kunna shi."

"Bar su yadda suke. Ko allin nan kada ka goge."

Aka sa mata sabuwar fitilar baya, ta ja mota. Duk hanyar kasuwa tana shirya yadda za ta yi da Auta. Za ta samo shaida daga bakin 'yan tasha, ta zaunar da shi gaban uwarsa, ta fara da tambayarsa lafiyar gemunsa, sannan ta bi shi layi-layi kamar yadda mai wayarin ya bi gilashi. Har ta zaɓi kujerar da za ta zauna a falon Mama, wadda ke kallon kowa.

Wajen ƙarfe uku da rabi ta isa. Tashar wani fili ne mai taɓo a gefen kasuwa, motoci sun yi layi biyu, masu ɗauke da kaya suna tsallen kududdufi. Ba ta ma gama tsayawa ba wani kamasho mai tumbi, da usur a wuya da leda a ka saboda ruwa, ya taho yana buga mata boneti.

"Manaja! Sai yanzu? Ka ce motar tana..." Ya leƙo ta taga ya ga mace. "Au. Sannu, Hajiya. Ai na ɗauka mai motar ne."

"Ka san motar ke nan."

"Haba, wa bai san motar Manaja ba? Wata huɗu ke nan kullum tana nan. Ya fi kowa tsabta, ya fi kowa tsoron karce."

"Wani dogo mai gemu?"

"Gemu kuma? A'a. Gajere ne, mai sanƙo, da ɗan tumbi irin nawa amma nasa na ofis ne. Da nektayi yake zuwa da jakar takardu, sai ya cire ya ninke ya sa a aljihu. Shi ya sa muke ce masa Manaja. Ga shi can ma wajen mai shayi, yau a ƙafa ya zo."

Sista ta bi yatsansa da kallo. A ƙarƙashin wata rumfar tamfol, a kan benci, tsakanin direbobi biyar, ga maigidanta. Rigar da ta goge masa da hannunta shekaranjiya ce a jikinsa. Jakar ofis tana tsakanin ƙafafunsa, ya ɗora ta a kan takalmi don kada ta jiƙe. Wutsiyar nektayi tana leƙowa daga aljihu.

Gaskiya a faɗa, a wannan lokacin tausayinsa ya kama ta. Wata huɗu. Mutumin da yake fita kullum ƙarfe bakwai da rabi yana cewa taro ya yi masa yawa. Ta ga yadda wuyan rigar ya yi masa yawa, ita da take gane ramar majinyaci daga bakin ƙofa amma ba ta ga ta mijinta ba. Da a ce a nan ya ɗago kai ya gan ta, wataƙila da labarin ya canza.

Amma bai ɗago ba. Labari yake bayarwa. Ya ajiye kofin shayi, ya kama sitiyarin iska da hannu biyu, ya rufe idanu gam, ya riƙa juya kai hagu da dama kamar mai laluben hanya, sannan ya yi baya da jiki ya ce "ƙum!" Direbobin suka fashe da dariya, ɗaya har yana dukan cinya.

"Tun safe yake ba mu wannan," in ji kamasho yana share hawayen dariya. "Wai matarsa ce ta ari motar jiya ta daki get. Ya ce in ta kama sitiyari, har kajin unguwa sai sun hau katanga. Ke 'yar'uwarsa ce?"

Tausayin da ya kama ta ya wuce salin-alin.

"Ta ari motar," ta ce.

"Haka ya ce. Amma daga gobe ya huta, ya ce ya karɓe makullin."

"Allah sarki. Malam, ba ni sitikar yau."

"Yanzu? Ai rana ta ƙare."

"Ba komai, ba ni."

Ya yago mata ɗaya, rawaya shar, da tauraro a tsakiya. Ta fito cikin ruwa ba lema, ta zagaya bayan motar, ta goge gilashin da hannun riga, ta liƙa ta daga waje, daidai kan layuka shidan nan. Ta danne gefunanta da babban yatsa har sau biyu. Daga ciki raɓa ta riga ta rufe wurin, ba abin da ake gani sai fari. Sannan ta bar makulli a jiki, ta buɗe ƙofar baya ta zauna, ta ɗora jaka a cinya.

"Kira min shi. Ka ce an kawo masa motarsa, kuma ga fasinja ta ɗauki shata."

Kamasho ya busa usur. "Manaja! Ga motarka, ga shata!"

Ya taho da gudu-gudu, jaka a kai, yana tsallake ruwa, fuskarsa cike da mamaki, da alama ya ɗauka Auta ne ya yi masa dabara. Ya faɗa mazaunin direba yana cewa, "Sannu da zuwa, Hajiya, ina muka..." Ya ɗaga ido ya kalli madubi.

Ya yi ido huɗu da matarsa, ya ƙame a wurin har sai da na bayansu ya yi hon.

"Gidan Mama," in ji Sista. "Ka bi a hankali, direba. Ina da tsoron karo."

Ya tayar da mota, ta mutu. Ya sake tayarwa. Suka fita daga tashar, kamasho yana ɗaga musu hannu. Sai da suka wuce shataletale biyu sannan ya buɗe baki.

"Maman yara..."

"Ka kula da mai keken nan."

"Ki bari in yi miki bayani."

"Kunna hitar baya tukuna. Maɓalli na uku. Ka san shi ai, ko kai ma ba ka gani?"

Ya danna. Sama ta washe, ƙasa ta washe, tsakiya ta tsaya fari.

"Me kake hangowa a baya?"

"Ba... ba na ganin komai."

"To. Jiya ma ko wannan saman da ƙasan babu, saboda wani ya cusa akwatin fasinja ya ɓalle waya. Tsakiyar kuma reza ce. Wace iri kake amfani da ita, ta askinka ko sabuwa kake saye?"

Sai ga magana tana zuba kamar an ɓalle famfo. An rufe sashensu a ofis, an sallame su su goma sha ɗaya rana guda. Ya yi niyyar gaya mata a daren, ya tarar ta dawo a gajiye. Washegari kuma ya ji nauyi. Ya zaga ofisoshi har takalminsa ya huje. Da farko kwana biyu kawai ya ce zai yi da motar. Yakan hau bas zuwa asibiti, ya ɗauke ta, ya dawo da ita kafin shida, ya cika man daidai inda ya same shi. Auta suna ne kawai, shi zai riƙa tuƙawa, Auta ya samu ta yawon yamma.

Sista tana kallon titi ta taga. Ta bar shi ya kai aya.

"Da ka gaya min, da ni zan riƙa miƙa maka makullin da hannuna kowace safiya, har da ruwan shayi a fulas. Korar aiki ba a kanka aka fara ba."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Ka tsaya da kumfa a baki, gaban uwarka, gaban matar mai kanti da take jin haushina shekara goma, ka kira ni makauniya. Alhali ka san hannun da ya makantar da gilashin. Yau kuma ka mai da ni wasan kwaikwayo a teburin mai shayi. Har da rufe ido."

"Wallahi jiya tsoro ne ya kama ni. Na ga in aka kai ta gyara za a gane. Da Mama ta kawo zancen Auta sai na ga hanya."

"Ka ga hanya. Madalla da mai ido."

Sun shiga layin gidan Mama, ruwa ya fara tsagaitawa.

"Don girman Allah, kada ki gaya wa Mama. Hawan jininta. Kuma kin san yadda take yi da ni a gaban 'yan'uwa, ɗana manaja, ɗana manaja. Ki yi min komai, amma ban da wannan."

"Miƙo makullin da ke aljihunka."

Ya laluba ya miƙo ta kan kafaɗa. Ta jefa a jaka ta ja zif.

"In mun shiga, kai za ka yi magana. Ka ce laifin gilashi ne. Ka ce mota tana hannuna. Ka ce idona lafiya lau, da waɗannan kalmomin, kuma da ƙarfin da ka yi na jiya."

"Zan faɗa. Ke kuma ba za ki gaya mata ba?"

"Ba zan gaya mata ba."

Ya sauke ajiyar zuciya. Ya faka a ƙofar gidan, ya zaro nektayi ya ɗaura a gurguje, ya ɗauki jaka ya yi ciki da sauri kai a sunkuye. Ita ta zare makullin da ke jiki, ta kulle motarta, ta bi shi a natse.

Mama tana kan doguwar kujera da sanda a gefe. Auta ya sha wanka, ya taje gemu, har da sabon maɗaurin makulli yana kaɗawa a yatsa. Sista ta durƙusa ta gaishe da surukarta da ladabin da ba ta taɓa yi ba, ta tambayi ƙafa, ta tambayi barci, sannan ta je ta zauna a kujerar nan mai kallon kowa.

"To, a ba yaron nan makulli ya huta da jira," in ji Mama.

Maigidan ya yi gyaran murya. Ya sake yi. "Mama, na sake tunani. An kai motar wurin mai gyara. Laifin gilashi ne, waya ce ta ɓalle. Motar za ta zauna a hannunta."

"Me ka ce?"

"Baban yara, Mama ba ta ji ba," in ji Sista a tausashe. "Kuma kamar akwai saura."

"Na ce idonta lafiya lau!" Ya faɗa da ƙarfi har agogon bango ya yi kamar zai amsa. "Ni ne na yi kuskure."

Auta ya daina kaɗa maɗaurin makulli. "Yaya, ba haka muka..."

"Rufe min baki!"

Mama ta kalli ɗanta daga sanƙo har takalmi, ta kalli surukarta, ta taɓe baki. Ta ce ita dai a zamaninta namiji in ya yi magana da safe, da yamma ma ita ce. Ta ce wasu matan ban da allura har da wani abin suke koyowa a asibiti. Ta yi ta yi kusan rabin awa. Sista ta sha shayinta har kofi biyu, ta yaba madarar, ta ce a ƙara mata sukari. Maigidan yana zaune a bakin kujera yana amsa "haka ne, Mama", gumi yana bin wuyan rigarsa, amma kana ganinsa ka san yana lissafin ya tsira.

Da suka tashi tafiya ruwa ya ɗauke, rana ta ɗan leƙo. Mama ta ce bari ta taka musu, ta ga fitilar da aka sa ko ta kirki ce. Ta fito tana dogara sanda, Auta a bayanta yana cika yana batsewa. Ta zagaya bayan motar, ta duba fitilar, ta ƙwanƙwasa ta. Sai ta ɗaga kai ta tsaya cak.

Ta ɗaga sandar ta dangwali gilashin da bakinta.

"Wannan fa? Ai irin ta tasin da nake shiga zuwa ganin likita ce, mai tauraro. Ranar Laraba kore ce a motar da na shiga." Ta matsa kusa tana ƙanƙance ido. "Me sitikar 'yan tasi take yi a motar gidan ɗana?"

Maigidan ya zagayo ya gani. Auta ya fara ja da baya yana duba wayarsa.

Sista ta buɗe ƙofar direba ta zauna, ta gyara zaman jakarta a kujerar gefe, ta sauke gilashin taga.

"Baban yara, da kai Mama take magana," ta ce. "Yi mata bayani a tsanake. Ni ba sauri nake ba."